Kafin Motar Ziyara Ta Tashi

Jama'ar Magarya da Dungas, mutanen Bande, Wacha, Ɗanciyau, Kwaya, Yekuwa da Sasumburum, da na Guci, Malawa da Dogo-Dogo, da 'yan uwanmu da ke kama mu daga ƙetaren iyaka, a Ɓaure, Babura da Maigatari, barkanmu da wannan lokaci. Iyayena maza da mata, malamai da almajirai, direbobi da yaran mota, yau da ku duka nake magana.

Batunmu shi ne gajeriyar tafiyar ziyara a mota. Ba aikin Hajji nake nufi ba, wanda hukuma ke tsarawa tun watanni kafin a tashi. Ina nufin tafiyar da muke haɗawa da kanmu: zawiya ta yi karo-karo ta ɗauki mota zuwa Maulidi, makarantar Islamiyya ta kwashi ɗalibai zuwa sauka a wani gari, dattawa biyar ko shida su ce za su je Kano su gaida malaminsu su dawo jibi. Kwana biyu ce, ko uku. Saboda gajartarta ne ake raina ta, a yi shawara bayan Isha'i, a tashi da asuba, ba takarda, ba lissafi, ba wanda ya leƙa ƙarƙashin mota.

Na san malamanmu sun saɓa kan hukuncin yin tafiya takanas domin ziyarar ƙaburburan bayin Allah. Wannan shiri ba zauren fatawa ba ne, kowa ya koma wurin malamin da ya yarda da iliminsa. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne, ran da aka ɗora a mota amana ne a wuyan wanda ya ɗora shi. A kan wannan amana zan tsaya.

Mu fara da inda mutanenmu suka fi nufa. Daga Magarya, hanya ta miƙe kudu ta Tinkim, a tsallaka iyaka a Babban Mutum, a bi ta Babura a shiga Kano. Mutumin Dungas kuwa Maigatari ce ƙofarsa, daga nan Gumel, sai Kano. A Kano akwai taron Maulidi, akwai Takutaha da ake hawan dutsen Dala mako guda bayan Maulidi, akwai kuma Maukibin Ƙadiriyya a watan Rabi'us Sani, wanda Shehu Nasiru Kabara ya assasa a farkon shekarun 1950, kuma bai tsaya ba bayan rasuwarsa a 1996. Wasu Katsina suke nufa ta kan Daura, su ga hasumiyar Gobarau, su ziyarci Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani. A maƙabartar Ɗan Marna ɗin nan aka binne shugaban Najeriya Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Daura kanta ba baƙon wuri ba ce ga Bamagarye, domin bayan jihadi gidan sarautar Daura ya rabu, wani reshe ya zauna a Zango, wani a Ɓaure, wani ya kafu a nan Magarya. Mai zuwa ganin rijiyar Kusugu daga nan, gidan kakanni ya je.

Waɗannan su ne gajerun tafiye-tafiye na gaskiya. Amma sau da yawa sai ka ji an sa Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato cikin lissafin kwana uku, har da cewa za a biya Wurno wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ko a ce Kiyota, garin Shehu Abubakar Hashimu da ke jihar Doso, inda ake babban Maulidin Tijjaniyya na ƙasarmu. Jama'a, Kiyota ta haura kilomita 800 daga nan. Sakkwato kuma, in za a bi hanyar da hankali ya fi kwanciya da ita a wannan zamani na 'yan bindiga, sai an haura Damagaram, a bi Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, a tsallaka ta Illela. Kowace daga cikinsu zuwa yini ne cur ko fiye, dawowa ma haka. Wanda ya ce zai yi su cikin kwana uku, ya riga ya yanke wa direba hukuncin tuƙin dare tun kafin a tashi. In Kiyota ko Sakkwato kuka nufa, ku ba ta kwana biyar ko shida, ku sanya wurin kwana a hanya cikin lissafi.

Bari in kai ku nesa kaɗan, zuwa Indiya, ƙasar da yawancinmu muka sani ta fina-finai. Mabiya addinin Hindu mutane ne masu yawan ziyarar wuraren ibadarsu, kuma da yawa daga tafiye-tafiyensu gajeru ne, a mota, kamar namu. A jihar Maharashtra, kewayen birnin Pune, akwai ɗakunan ibada 8 da ake kira Ashtabinayak, waɗanda iyali ke zagayawa cikin kwana biyu ko uku, su fara daga garin Morgaon su kuma ƙare a can. Tun daga gida sun san wanne ne na farko, wanne ne na biyu, da garin da dare zai same su. A kudancin ƙasar, ɗakunan ibada da yawa suna rufewa da tsakar rana sai wajen la'asar a sake buɗewa, saboda haka matafiyi yana yin sammako, ya huta da rana, ya ci gaba da yamma. Akwai kuma masaukan da aka gina musamman domin masu ziyara, ana kama ɗaki tun kafin a baro gida.

A arewa, cikin tsaunukan Himalaya na jihar Uttarakhand, akwai wurare huɗu da suke girmamawa: Yamunotri, Gangotri, Kedarnath da Badrinath. Ƙanƙara ce ke rufe su, don haka sai ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu ake buɗewa, a rufe wajen Oktoba ko Nuwamba. A watan Yuni na 2013 ambaliya ta afka wa Kedarnath ana tsakiyar ziyara, dubban mutane suka hallaka, kuma abin da ya ƙara wa iyalai baƙin ciki shi ne ba a san adadin waɗanda ke kan hanyar ba, balle sunayensu. Yau duk mai zuwa sai ya yi rajista da sunansa. Motar haya sai an duba lafiyarta an ba ta takardar shaida kafin ta hau tsauni, kuma an hana ta tafiyar tsakar dare.

Aƙidarsu daban, tamu daban, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma abubuwa ukun da bala'i ya koya musu, wato rubuta sunan kowa, duba mota, da barin tafiyar dare, ba sa bukatar kuɗin gwamnati. Kowace zawiya a Wacha ko Malawa za ta iya yin su da biro da takarda da fitilar hannu.

Kuma mu ma bala'in ya taɓa mu. A watan Satumba na 2024, a ƙaramar hukumar Lere ta jihar Kaduna, wata motar masu zuwa Maulidi a Saminaka ta yi karo da babbar mota. Aƙalla mutum 25 suka rasu, mafi yawansu yara, kuma rahotanni sun nuna an cika motar fiye da ƙima. A Nuwamban 2021, a Bagwai ta jihar Kano, kwalekwale ya kife da ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar taron Maulidi, nan ma lodi ya yi yawa. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Waɗanda suka shirya tafiye-tafiyen nan ba mugaye ba ne. Mutanen kirki ne da suka ji kunyar ce wa yaro ko tsohuwa babu wuri.

Wannan kunya ita ce abu na farko da shugaban tafiya zai ajiye a gida. Kowace tafiya tana son shugaba guda, wanda kowa ya san shi ne, kuma ba lallai ya zama wanda ya fi kowa ilimi ko shekaru ba. A zaɓi mai natsuwa, wanda ya san hanya, wanda zai iya kallon Alhaji ya ce, “Ranka ya daɗe, mota ta cika, a yi haƙuri sai wata tafiyar.” Motar da aka ƙera da kujera 18, mutum 18 za ta ɗauka. Yaro ma mutum ne, kujera yake ci. In mutane sun kai 30, mota biyu ake nema, ko a rage. Na sha jin ana cewa ai tafiyar Allah ce, albarkar Shehu za ta kai mu. Malam, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zai yi hijira ya tanadi abin hawa, ya ɗauki ɗan jagora masanin hanya, aka shirya guzuri. Babu wanda ya fi shi tawakkali.

Shugaban nan zai rubuta sunan kowane matafiyi, da unguwarsu, da lambar wayar wani nasa da ya rage a gida. Takarda biyu za a yi. Ɗaya tana aljihunsa, ɗaya a bar wa liman ko mai gari. A rubuta lambar mota da sunan direba a kai. Duk inda aka tsaya, ko salla ko cin abinci, kafin mota ta tashi a kira suna ɗaya bayan ɗaya. Cewa “kowa ya shigo?” ba ƙirga ba ce, domin wanda aka bari a bayan gida ba zai amsa ba.

Yanzu mota. Kada a yi cinikinta a waya. Mutum biyu su je tasha da rana, su gan ta da idonsu, kuma ya fi kyau a ɗauke ta ta hannun shugabannin tasha, inda in wani abu ya faru akwai wanda za a tambaya. A duba taya huɗu da safaya. Yawancin tayoyinmu na gwanjo ne, sun gama aiki a Turai kafin su zo mana. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere da ke nuna lokacin da aka yi ta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2016. Taya mai shekaru irin wannan, ko zanenta bai goge ba, robarta ta bushe, kuma kwaltar rani ba ta yi mata sauƙi. A taka birki a ji. A kunna fitilu na gaba da na baya. A tambayi jak da abin kwance taya. In damina ce a gwada abin share gilashi. Sannan takardu: lasin direba, takardar mallakar mota, inshora, da inshorar tsallaka iyaka in za a shiga Najeriya. Motar da takardunta ba su cika ba, a kowane shinge sai an yi ciniki, kuma lokacin da ake ɓatawa a shingaye shi ne ke jefa mutane cikin dare.

Akwai abin da zan roƙa da babbar murya. Kada a ɗora jarkar fetur cikin motar da ke ɗauke da mutane, ko a ƙarƙashin kujera ko a saman kaya. Na san dalilin da ake yi. Shekara da shekaru man Najeriya ya fi araha, muka saba da safararsa. Tun da aka cire tallafin mai a can a watan Mayu na 2023 lissafin ya juya, wani lokaci namu na matatar SORAZ ya fi sauƙi, sai direba ya ce bari ya yi guzurin na dawowa. Ribar ba ta kai ran mutum guda ba. Haka kuma in kun tarar da tankar mai ta faɗi a hanya, kada a tsaya kallo, kada a bar yaro ya sauka. A Majiya ta jihar Jigawa, kan hanyar Kano zuwa Haɗeja, a watan Oktoba na 2024, mutum fiye da 150 suka ƙone a wurin tankar da ta kife, yawancinsu sun je kwasar mai ne.

Direba kuma ɗan Adam ne. A nan ne muke yawan zaluntarsa ba mu sani ba. Ya yi tuƙi yini guda, an isa, mu muka shiga taro, shi aka bar shi gadin mota da kaya, sauro na cizonsa, lasifika na kansa har asuba. Gari na wayewa sai a ce, “Direba, a kama hanya.” Mutumin da bai runtsa ba za a damƙa wa rai 18. Daga nan ne wasu ke komawa ga tiramol da shayi mai kauri don su kore barci, kuma ƙwaya ba ta kore barci, ɓoye shi take yi har ya zo farat ɗaya. Ku sa kwanan direba da abincinsa cikin kuɗin tafiya. A nema masa ɗaki nesa da hayaniya, a sa wani ya yi gadin mota. Ya kwana sosai kafin a juyo. A hanya kuma duk bayan awa biyu ko uku a tsaya, ya sauka ya taka ƙasa, ya wanke fuska. Wanda ke kujerar gaba aikinsa hira da direba da lura da idonsa, don haka kada a ba mai gyangyaɗi wannan kujera saboda girmamawa kawai.

Mu zo kan iyaka. Da yawanmu mun tashi muna ganin Babban Mutum da Maigatari kamar unguwar gaba, kuma ta fuskar zumunci haka ne. Ta fuskar hukuma kuwa abubuwa sun sauya sau da dama cikin 'yan shekarun nan. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufewa bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023 a Nijar, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a 29 ga Janairu 2025. Saboda haka abin da ya yi wa wani aiki bara ba hujja ba ce a bana. Mako guda kafin tafiya, shugaba ya je wurin 'yan sandan iyaka da ƙafarsa ya tambayi takardun da ake nema a halin yanzu. Kowane baligi ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa wanda bai mutu ba, da katin allurar shawara. A bi ta ƙofa, a gaida jandarma da 'yan duwan, a bar hanyar daji ga masu abin ɓoyewa.

In akwai yara, a riƙe takardar haihuwar kowanne, da takardar amincewar iyaye ga yaron da ba mahaifinsa ko mahaifiyarsa a motar. Kada ku ji haushin jami'in da ya tsare mota cike da yara yana tambaya. Mu a wannan jiha mun san abin da ya faru a Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a sahara kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance, maƙwabtanmu. Jami'in da ke tambayar yaro ina za a kai shi, aikinsa yake yi.

Mutanen Dungas, ku tuna Alhamis ce kasuwar Maigatari. Ranar an fi samun mota, amma kuma hanya cike take da manyan motocin dabbobi tun daga daren Laraba. In kuna da motarku ta shata, ku zaɓi wata rana.

Kuɗi kuma a raba shi gida uku tun daga gida: na mota, na ci da masauki, da na ko-ta-kwana wanda ba a taɓa shi sai taya ta fashe ko wani ya kwanta ciwo. Wannan na ukun a damƙa shi ga mutum guda amintacce, ba shugaba ba, don kada komai ya taru a aljihu ɗaya. A canza sefa zuwa naira a wurin ɗan canjin da aka sani, a ƙirga a gabansa, kuma a nemi ƙananan takardu. Kada a canza duka, domin ana dawowa sefa za a bukata daga Tinkim zuwa gida. Layin wayar Nijar yakan ɗauke in an yi nisa da iyaka, sabon layi a Najeriya kuma ba ya samuwa sai an yi rajista da takardun shaida. To a tabbata aƙalla mutum biyu a motar suna da layin da ke aiki a ƙasashen biyu, da caji. A Nijar lambar 'yan sanda 17 ce, ta 'yan kwana-kwana 18. A Najeriya akwai 112 ta gaggawa, da 122 ta jami'an kiyaye haɗurra. A rubuta su a bayan takardar sunaye.

Sai lokaci. Watan Musulunci yana ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Maulidin 2024 ya zo tsakiyar Satumba, na 2025 farkon Satumba, daga nan ya shiga Agusta, zai kuma ci gaba da nutsawa cikin damina shekaru masu zuwa. Dattawan da suka saba zuwa Maulidi cikin sanyin hunturu su lura, tafiyar yanzu wata iri ce. Agusta ne watan da ruwa ya fi yawa a ƙasarmu. Ƙoramu suna cika, hanyoyin burji na ƙauyukan Dungas da Guci suna yankewa, kwalta tana santsi. Daminar 2024 ta nuna mana ƙarfin ruwa, har tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya rushe a farkon Satumba. In kun iso inda ruwa ya hau kan hanya yana gudu, a tsaya a jira ya janye, ko da za a rasa buɗe taro. Direban da ya ce ya san wurin, hanyar jiya ya sani, bai san abin da ruwan daren nan ya tafi da shi ba.

Damina kuma lokacin zazzaɓin sauro ne, kowa ya san yadda sashen yara na asibitin Magarya ke cika a watannin nan. Mai zuwa kwana a filin taro ko a zaure ya naɗe gidan sauronsa cikin kaya, nauyinsa bai kai na buta ba. In tafiyar ta faɗo a rani, daga hunturu zuwa bazara, abin tsoro sanƙarau ne, wanda ke son ƙura da cunkoso da ɗaki marar iska. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Dungas ce ta fi kowa yawan masu ciwon. A 2023 mashaƙo ya yi ɓarna a Kano ya kuma taɓa jiharmu. Cuta ba ta nuna kati a iyaka. Yaron da bai kammala allurar rigakafi ba, a bar shi gida. Wanda ya dawo da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da sanƙarewar wuya, ko ciwon maƙogwaro mai hana haɗiya, a kai shi likita a ranar, kuma a gaya wa ma'aikacin lafiya daga taro ya fito.

Iyayena masu hawan jini da ciwon sukari, ku riƙe maganinku a jikinku, ba cikin buhun da aka ɗaure a saman mota ba, kuma ku ɗauki na kwana biyu fiye da lissafi. Hajiya, na san dalilin da ya sa ba kya shan ruwa a mota, kina gudun ki ce a tsaya. Wannan kawaici yana kwantar da mata da yawa, musamman a zafin Afrilu da Mayu. A Hajjin 2024 zafi ya kashe alhazai fiye da 1,300. Shugaban tafiya ya ɗauke wa mata wannan nauyi: ya riƙa tsayar da mota a inda akwai kewaye ba sai an roƙa ba, kuma a naɗa mace guda dattijuwa wadda sauran mata za su riƙa gaya wa bukatarsu. A ɗauki ruwan sha mai tsabta daga gida. In gudawa ta kama wani, a lita guda ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har a isa asibiti. Guzurin da ya fi aminci shi ne busasshe: ƙuli-ƙuli, dabino, soyayyar gyaɗa, garin kwaki, burodi. Fura da nono in sun yini a zafin mota sun zama abin tsoro.

Game da salla, addini ya yi mana sauƙi, mu karɓa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, tafiyar da ta kai mil 48, wato wajen kilomita 80, ana yin ƙasaru, a mayar da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, muddin mutum bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya je ba. Daga Magarya ko Dungas zuwa Kano ta wuce wannan nisa. Ku tambayi malaminku bayanin haɗa salloli kafin ku tashi. Abin da nake roƙo kawai, in za a tsaya salla a fitar da mota gaba ɗaya daga kan kwalta, a nemi gari ko masallaci, kada a jera sahu a kafaɗar hanya da magariba, lokacin da idon direbobi ya fi rauni.

Idan an isa, kafin kowa ya watse, a tsaya a zaɓi wurin haɗuwa guda mai sauƙin ganewa, kamar ƙofar wani masallaci ko gidan mai, a nuna wa kowa da hannu, a faɗi lokaci. Kowane yaro a sa masa takarda a aljihu mai sunansa da lambar wayar shugaba ta ƙasar da ake ciki. Cunkoso yana kisa ko babu mota. A Indiya, a garin Hathras, mutum 121 suka mutu a Yulin 2024 wajen fitowa daga taron wa'azi, kusan dukkansu mata. A Janairun 2025, a babban taron Kumbh Mela na Prayagraj, aƙalla 30 suka mutu a turmutsutsu. Mu ma muna tuna turmutsutsun Mina a Hajjin 2015. Wurin da aka fi samun matsi shi ne ƙofa, da lokacin da babban malami ya fito kowa na son ya kai hannu. Mai goyo, da tsoho, da mai riƙe da yaro su tsaya gefe, su bari a rage. In ka ji ana matsa ka ta ko'ina, ɗaga hannuwanka ka kare ƙirjinka, ka bi inda jama'a ke tafiya kana zamewa gefe a hankali. Takalmi ko carbi in ya faɗi, kada ka sunkuya.

Masauki a nema tun daga gida. Kusan kowane gida a nan yana da ɗan uwa a Kano, ɗan kasuwa ko almajiri ko mai gadi. A kira shi tun da mako guda, a gaya masa adadin maza da na mata, kada a sauke masa mutum 18 a ƙofar shago da tsakar dare. A kuma riƙe masa 'yar tsaraba daga gida.

Na bar dawowa a ƙarshe da gangan, domin ita ce rabin tafiyar da ba a shiryawa. Wajen zuwa kowa na da ƙarfi, aljihu da nauyi, mota an duba ta. Wajen dawowa an kwana biyu ba barci, kuɗi ya ƙare, an biya Kurmi da Kantin Kwari an ƙaro atamfa da robobi da buhuna a saman mota, ga wani ɗan garinmu da aka haɗu da shi a taro yana roƙon a rage masa hanya. Kowa na ɗokin gida, sai a ce a tashi yanzu da an shafa fatiha, ko ƙarfe goman dare ne. Tun a gida, gaban kowa, a yanke ranar dawowa da sa'arta, a kuma yanke cewa da safe za a taso, bayan direba ya kwana. A yanke iyakar kayan da kowa zai ƙaro. A lissafa yadda za a iso iyaka rana na sama, domin aikin shinge da dare ya fi wuya, hanyar da ta rage kuma akwai amalanke marar fitila, da shanu, da babura. In la'asar ta yi sanyi kuna Gumel ko Babura, mota kuma ta fara ba da matsala, ku kwana nan. A kira wanda aka bar wa takardar sunaye a gaya masa, shi kuma ya sanar da gidaje, don kada hankalin iyalai ya tashi su riƙa kiran direba yana tuƙi.

In an iso, shugaba bai sauke nauyi ba sai ya sake kiran suna a tasha, ya ga kowace tsohuwa da kowane yaro an zo an tafi da su, ya karanta wa jama'a lissafin kuɗi, abin da ya rage na ko-ta-kwana a mayar wa masu shi ko a ajiye da yardarsu. Motar kuma in ta nuna wani aibi a hanya, a gaya wa shugabannin tasha kafin wata ƙungiya ta ɗauke ta.

Nan za mu dakata a yau. Masu niyyar tafiya a wannan wata, Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.